Bayan 14 ga Oktoba: wa ke gadin kwamfutocinmu da asusunmu a Zango?

Ranar Talata 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, manhajar da ta fito tun watan Yulin 2015, wadda kuma ita ce a kan mafi yawan kwamfutocin da nake gani a gidajenmu da makarantunmu da shagunan buga takardu a nan Kumasi. Labarin ya wuce ba wanda ya ɗaga kai a Zango. Ban ga laifin kowa ba, domin washegari kwamfuta ta kunna yadda ta saba, yara sun kalli fim ɗinsu, mai shago ya buga katin biki ya karɓi kuɗinsa. Abin da ya tafi ba a ganinsa da ido. Kuma sai ya faɗo a watan Oktoba, watan da Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ke warewa duk shekara domin wayar da kan jama'a.

Kafin in yi wa kowa nasiha, bari in fara tona asirin kaina. Ni malamin makaranta ne, darasin kwamfuta nake koyarwa a ƙaramar sakandare, na kuma yi kwalejin horar da malamai na fito da shaida. Duk da haka, a zangon karatu da ya wuce aka sace mini WhatsApp da rana tsaka. Ina tsakanin aji da aji wani ya kira ni, ya ambaci sunana da sunan makarantarmu, ya ce shi ne sakataren wata bita da za a yi wa malamai ta intanet, wai an tura mini lambobi shida na shiga taron, in karanto masa ya sa ni a jeri. Hankalina na kan ajin da ke jirana, na karanto. Ko minti biyar ba a yi ba WhatsApp ya fita daga wayata.

Abin da ya faru a fili yake. Shi ne ya rubuta lambata a tasa wayar, WhatsApp ya turo mini saƙon tabbatarwa, ni kuma na miƙa masa da bakina. Sunana da na makaranta ya samo su ne daga rukunin malamai, ta asusun wani abokin aikinmu da ya riga ya sace. Kafin la'asar ya shiga rukunin iyayen ɗalibaina ya rubuta cewa a tura sidi 150 na jarrabawar gwaji zuwa wata lambar MoMo kafin magariba. Iyaye huɗu suka tura. Ɗaya daga cikinsu mai tuyar ƙosai ce a bakin hanya. Da na je ba ta haƙuri, abin da ta ce mini shi ne: "Malam, hotonka na gani, sunanka na gani. Yo in ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?" Sidi 600 ɗin na biya daga albashina. Asusun kuwa sai da na jira kwana bakwai, domin ɓarawon ya sa masa tasa lambar sirri. Kuɗin na manta da su, amma maganar baiwar Allahn nan har yau tana cina.

Na kawo wannan ne don a gane cewa batun Windows 10 da batun satar asusu gida ɗaya suke. Ɓarawo yana shigowa ko dai ta tsagar na'ura ko ta sakacin mai ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa yanzu bangon ya tsage ta gefe biyu.

Me ake nufi da daina tallafi?

Kowace manhaja tana da kurakurai da ake ganowa a hankali. Idan aka gano, kamfani ya toshe, ya aiko da gyaran ta intanet, galibi a Talata ta biyu ta kowane wata. Wannan saƙon "update" da muke ƙi saboda yana cin data, shi ne toshiyar. Daga yanzu, duk ramin da aka gano a Windows 10 zai zauna a buɗe ga wanda bai shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Kuma saboda Windows 10 da Windows 11 suna da sassa da yawa iri ɗaya, duk gyaran da aka fitar wa sabuwar yana iya nuna wa 'yan kutse inda ramin yake a tsohuwar. Manhajar kashe bairos tana taimakawa, amma ba ta ɗinke irin wannan tsaga. A rana ɗaya kuma aka daina tallafa wa Office 2016 da Office 2019, waɗanda da su muke rubuta takardun jarrabawa.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna watan Mayun 2017. Wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ya nemi kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Microsoft ya fitar da maganin ramin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa gyaran ba.

Me ya sa abin ya fi shafar irinmu?

Kaɗan ne a cikinmu ke sayen sabuwar kwamfuta a kwali. Na hannu muke saye, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, su bazu zuwa Circle a Accra da Adum a Kumasi, har Tamale da Wa. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki aƙalla gigabait 4, ma'aji gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunmu ba su kai ba, alhali lafiyarsu lau.

Ga abin da nake hange. Ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka za su ci gaba da sauke kwamfutocin da ba sa ɗaukar Windows 11, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Kada ka yi mamaki in ka ga laftof masu kyan gani sun yi araha a kasuwa. Wani mai shagon ma zai tursasa wa na'urar ta karɓi Windows 11 ta bayan gida, ya nuna maka allo ya ce ga ta nan sabuwa fil, alhali Microsoft ya faɗa cewa bai yi alkawarin ci gaba da aika gyara ga irin wannan ba. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, duba lambar injin. In ka ga i5-6300U, wannan 6 ɗin na farko yana nufin ƙarni na 6 ne, bai cika sharaɗi ba. In ka ga i5-8250U, ƙarni na 8 ne, ya cika.

Masu cewa wannan dabara ce ta tilasta wa mutane sayen sabon kaya suna da hujjarsu, ni ma ina jin zafin abin. Na'urar da ke aiki garau za a mayar da ita bola, kuma ƙannenmu da suka sauko daga Arewa neman abinci su ne ke shaƙar hayaƙin ƙona wayoyinta, kamar yadda aka yi shekara da shekaru a Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021. A Turai ƙungiyoyin kare masu sayayya sun matsa lamba har kamfanin ya sassauta musu sharuɗɗan ƙarin wa'adi. Mu a nan ko muhawarar ba mu yi ba. Sai dai jin haushi ba zai toshe ramin da ke kwamfutarka ba.

Mafita huɗu ce. Ta farko, in na'urarka ta cika sharaɗi, komawa Windows 11 kyauta ne, kuma manhajar PC Health Check za ta gaya maka ko ta cika. Ta biyu, shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU, wanda ke ci gaba da kawo gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta Windows Update, ana buƙatar asusun Microsoft da Windows 10 samfurin 22H2, kuma ana iya samunsa ba tare da biya ba in ka yarda a ajiye saitunanka a asusun, ko ka biya dala 30. Shekara ɗaya ce kawai, ta yin shiri. Ta uku, a sauya manhajar baki ɗaya zuwa Linux Mint ko Ubuntu ko ChromeOS Flex, duk kyauta ne kuma suna tafiya da tsoffin na'urori. Na sa Linux Mint a tsohuwar laftof ɗin gidanmu, da LibreOffice a madadin Word, cikin mako guda yara suka saba. Ta huɗu, in ba ɗaya da zai yiwu, a raba na'urar da intanet, a bar ta wa rubutu da karatun yara, kada a buɗe imel ko banki a kanta.

Kula da na'urar kanta

Hunturu na tafe, kuma ƙura ce babbar abokiyar gabar laftof a ƙasar nan. Tana toshe hanyar iska, fanka ta yi ta ihu, inji ya yi zafi, na'ura ta riƙa mutuwa da kanta. Mu kuma sai mu ɗora ta a kan katifa ko filo, mu ƙara toshe ta. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a rufe ta da ƙyalle in ba a aiki, a kai ta a hure mata ƙura sau ɗaya a shekara. Duk wanda ya rayu a zamanin dumsor ya san cewa dawowar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna. In an ɗauke wuta a zare caja daga bango, in an dawo da ita a ɗan jira kafin a mayar. Caja ta jabu kuma tana iya kashe na'urar da ta ninka ta kuɗi sau da yawa.

Sai batun ajiya. Na ga malami yana hawaye a ɗakin malamai saboda makin ɗalibai na zango guda ya tafi da ma'ajin da ya mutu. Duk takardar da ke wuri ɗaya tak, ka ɗauka ka riga ka rasa ta. A ajiye kwafi a falash ko ma'aji na waje, a ajiye wani a intanet. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun malami na shekaru. Falash ɗin da ke yawo shagunan buga takardu kuwa shi ne dillalin bairos, musamman wannan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi. A ware masa falash na daban, a bincike shi kafin a buɗe. Haka manhajojin sata da ake loda mana a kasuwa: sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin su shiga, kuma ba ka san me suka shigo da shi ba.

In za a kai gyara, a fita daga imel da Facebook da WhatsApp na kwamfuta, a kwashe hotunan iyali. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak, amma hoton matarka ko 'yarka in ya fita ba ya dawowa. Dokar tsaron intanet ta 2020, wato doka mai lamba 1038, ta haramta yaɗa hotunan sirri na mutum ba da izininsa ba, sai dai hukuncin kotu ba ya goge abin da idanun unguwa suka gani.

Layin waya shi ne mabuɗin gida

Nan ne nake ganin rauninmu na musamman. Tun da aka fara haɗa layukan waya da Ghana Card a watan Oktoban 2021, har aka rufe waɗanda ba a yi wa rajista ba bayan 31 ga Mayun 2023, layi ya zama shaidar mutum. Kuɗinka na MoMo, WhatsApp ɗinka, lambar dawo da imel, saƙon banki, duk a kansa suke. Mun kuma san wahalar da wasu iyayenmu suka sha kafin su sami katin, saboda tambayoyin asali da ake yi wa mai sunan Zango. Da yawa suka gaji, aka yi musu rajistar layi da katin ɗa ko maƙwabci ko wani yaron shago. Yau in wayar Hajiya ta faɗi a trotro, ba ita ce za ta iya karɓo layin ba, sai mai katin. In ya yi tafiya, ko an ɓata, ko ya rasu, jarinta na kasuwa ya maƙale. Duk wanda yanzu ya sami katinsa, ya je ofishin kamfanin layin a mayar da rajistar sunansa tun ana zaman lafiya.

Lambar sirri ta MoMo lambobi huɗu ce, kuma da yawanmu shekarar haihuwa muke sawa, alhali ranar haihuwar tana rubuce a jikin katin da muke miƙa wa kowane mai cire kuɗi. A sauya ta yau. Ba ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai tambaye ka ita a waya. In wani ya kira yana kuka wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka dogara da saƙon da ka gani, shiga asusunka da kanka ka duba abin da ke ciki. In kuma allon wayarka ya nemi ka sa lambar sirri alhali ba kai ka fara ciniki ba, soke shi.

Ga WhatsApp, abin da ya kamata in yi tun farko minti biyu ne: a shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, a sa lambobi shida na kanka da adireshin imel. Da na yi haka, ko da na karanto wa ɓarawon saƙon, da ya tsaya a ƙofa ta biyu. A leƙa Linked devices kuma lokaci zuwa lokaci, a fitar da duk na'urar da ba a sani ba, musamman in an taɓa buɗe WhatsApp a kwamfutar shago. In an riga an sace, a sake rajista da lambar nan take, domin da zarar ka sa sabon saƙon tabbatarwa an fitar da ɓarawon, sannan a kira 'yan uwa da shugabannin rukunoni a sanar da su.

Imel kuwa shi ne uwar sauran asusu, tunda ta nan ake sauya kalmomin sirrinsu. A ba shi kalmar sirri tasa shi kaɗai, doguwa, a kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu. Kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna, haɗe da lambobi, sun fi sunan ɗanka da 123 ƙarfi nesa ba kusa ba, sun kuma fi sauƙin tunawa. Ga dattawa, rubuta su a ɗan littafi a kulle a akwati ya fi a bar su a bakin yaran unguwa. 'Yan uwana malamai, mu ma mu daina bar wa masu shagon intanet kalmar sirrin takardar albashinmu.

Abin da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya

Damfarar nan tana cin nasara a cikinmu ne saboda tana hawa kan kyawawan halayenmu. Mu mutane ne masu zumunci da saurin taimako. In saƙo ya zo da sunan liman ko malami ko yayanka cewa ana asibiti, kunya ba ta barin ka ce bari in bincika. Bayan an cuce mu kuma wata kunyar ta hana mu faɗa, sai ɓarawo ya wuce gida na gaba da dabara iri ɗaya. Ni ma kwana biyu na yi ina tunanin in yi shiru. Mu mayar da shi al'ada: duk saƙon neman kuɗi, ko daga wa ya fito, a kira mutumin a ji muryarsa. Wanda aka kira kuma kada ya ji haushi.

Akwai kuma gaskiya mai ɗaci. Kalmar sakawa da duk Ghana ke kiran damfarar intanet da ita, daga harshenmu ta fito. Ba mu kaɗai ke da masu yi ba, ba kuma daidai ba ne a shafa wa Zango baƙin fenti, amma uban da ya ga ɗansa ba sana'a ba aiki ya shigo da mota ya yi shiru, ya sani cewa kuɗin wata mai ƙosai ne a wani gari.

Ga hukuma, ina da roƙo uku. Hukumar Tsaron Intanet tana da lamba 292 da ake kira ko a tura wa saƙo a kai ƙara, amma na tambayi iyayen ɗalibaina a taronmu na ƙarshe, ko mutum ɗaya bai san da ita ba. Faɗakarwar da aka yi da Turanci a otal a Accra ba ta isa kunnen Mma da ke kasuwar Asawase. A yi ta da Hausa da Dagbanli da sauran harsunanmu, a gidajen rediyo da tashoshin mota. Na biyu, hukumar ilimi ta faɗa wa makarantu abin da za su yi da kwamfutocin ɗakunan karatu, da laftof ɗin da aka raba wa malamai a shirin da aka ƙaddamar a 2021, domin bayanan yara ne a ciki. Na uku, shirin koya wa matasa miliyan ɗaya rubuta manhaja da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilun 2025 abu ne mai kyau, amma a haɗa da horar da matasan Zango gyaran na'ura da sa Linux, su samu sana'a, tsoffin kwamfutoci kuma su ƙara shekaru. Asusun Raya Zango zai iya ɗaukar nauyin wannan.

Mu ma muna da minbari. Minti uku bayan sallar Juma'a, ko a wurin suna da ɗaurin aure, sun isa a gaya wa jama'a kada su karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarsu. Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma dukiya amana ce.

A ajina yanzu, duk ranar Juma'a ina ba yara aikin gida guda: kowa ya zauna da mahaifiyarsa ko kakarsa ya kunna mata mataki na biyu a WhatsApp, ya tabbatar lambar MoMo ɗinta ba shekarar haihuwa ba ce, ba tare da ya nemi sanin sabuwar ba. Ɗiyar mai ƙosan nan ce ta fara kawo rahoton ta gama. Kai ma mai karatu, kafin ka kwanta yau, duba wayarka da ta mutanen gidanka, gobe kuma ka duba wace Windows ce a kwamfutarka. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shiryi masu wannan sana'a.